Lagon Ƙarfe

Hawa na tara, birnin Gdynia, watan Janairu.
Ƙanƙara ta like taga, shayina ya huce.
Kajetan ya jawo mini kujera gaban allo,
ya ce, Kaka, zauna ka ga dabbata.

Tan saba'in, in ji shi.
Tafiyarta ta kunkuru ce mai ciwon baya,
amma goshinta milimita ɗari biyu da saba'in,
kuma a kishingiɗe yake.
Harsashi in ya zo sai ya rasa wurin zama,
ya yi ƙara, ya zame, ya tafi neman gajimare.

Shekara talatin da huɗu na yi ina walda a bakin teku,
ina ɗinke cikin jirage, faranti bayan faranti,
har idona na hagu ya koma ganin hayaƙi.
Ban taɓa gamuwa da ƙarfe marar nauyi ba
sai wannan da yaro ke juyawa da yatsu biyu.

Na ce, to ina lagonta?
Ya dube ni kamar na tambayi abin da ke aljihunsa,
sannan ya sassauta murya:

Haɓa. Farantin ƙasa, tsakanin sarƙa da sarƙa,
ba shi da kauri, shi ya sa nake ɓoye shi bayan tulin bulo.
Ga murfin kwamanda, ƙurji a kan basamude,
mai saitin hannu zai same shi daga ƙetaren gada.
Ga tagar direba. Ga zoben da kai ke juyawa a kansa,
in aka cusa nan, igwa ta sandare tana kallon banza.
Kwiɓi kuwa nan harsasaina ke kwance,
bugu ɗaya, kai ya tashi kamar murfin tukunya.
Baya kada ma ka tambaya.
Inji ne, da mai, da gobara.

Na gyaɗa kai. Mu ma a wurin aiki
ba tsakiyar faranti muke dubawa ba,
ɗinkin muke bi da fitila.

Aka fara. Ya lafe a kusurwar wani kangon coci,
ya karkace jiki, ya miƙa musu kafaɗa kawai.
Na farko ya zame. Na biyu ya zame.
Na uku ya ci sarƙa, ya gyara, ya ce ba komai.
Na huɗu ya yi ƙarar cokali a bayan kwano,
sai na ji dariyarsa,
wadda rabona da ita tun kafin Kirsimeti.

Sai waya ta yi gurnani a kan tebur.
Sunan ya haska: Mama.
Tana Stavanger tana yanka kifi da safar roba,
ta ce za ta zo a Disamba, ta ce a Janairu,
yanzu ana maganar bazara.

Bai ɗauka ba. Kallo ɗaya ya yi mata,
bai fi ƙiftawa uku ba,
amma yatsansa ya manta kansa a kan maɓalli,
dabbar ta juya, ta ba su kwiɓi.
Wata 'yar tanka da ba ta kai rabinta ba
ta ɓullo ta bayan maƙabarta.

Allo ya yi ja, sannan toka.

Intanet ne, in ji shi.
Na ce, ai kuwa, intanet ɗin gidan nan sai haƙuri.

Na tashi in ɗumama shayi.
Daga ƙofar kicin ina hango ƙeyarsa,
siririya, askin ya karkace ta dama,
ni na yi masa ranar Lahadi da idona guda.
Na san ɗinki in na gan shi.
Na kuma san ba a taɓa shi da zafinsa.

Da na dawo ya tura mini linzamin,
ya ce gwada, amma kullum ka ba su goshi.
Na tuƙa tan saba'in kai tsaye cikin kogi.
Ya kifa kai a tebur, kafaɗunsa na rawa,
kusa da wayar, da ta sake haskawa.