Rabon Fangali

Sanyi ya soma kwashe kayansa.
Bargo ya koma ƙasan akwati,
man kaɗanya saura na gindin gwangwani,
kaushi na warkewa a diddige.

Jiya bayan la'asar muka hallara
a gindin tsamiyar gefen Daberam,
mu goma sha bakwai, har da Tasalla
da ta rantse bana ba a yi ba ita.

Barmo ya zo da igiya da turaku,
ya auna fangali taku shida-shida.
Na bakin rijiya kowa ke so,
ba mai faɗa, sai gyaran murya.
Aka yi ƙuri'a da guntun kara,
ta faɗa kan Lado,
wanda ko guga bai mallaka ba.

Ruwa ya ja baya gaba guda,
ran Asabar za a yi yasa.
Injin ban ruwa na tari tun bara,
kuɗin gyaransa na littafin Sahura:
dubu-dubu, saura mutum uku.
Ni ne na ukun.

Irin kuɓewa na ƙulle a tsumma,
na kankana a kwalba da toka,
takin awaki buhu tara a jingine.
Danga kuwa sai an sake sabuwa,
akuyar Iro ta haddace ƙofofinta.

Ba mu shuka komai ba tukuna.
Amma da na shigo gida da magariba,
laka a farce, laka a gwiwa,
'yata ta kama hannuna ta shinshina,
ta ce, "Baba, kana ƙamshin damina."