Gaiwa a Fadamar Bunza

Ni direba ne, ba malami ba.
Nawa in kai, in jira, in maido.
Talatin da ɗaya na ƙirga a ƙofar makaranta,
Malama Kuluwa ce cikon da biyu,
sai kwali guda na kwalabe, ba komai cikinsu,
suna kaɗa haƙora tun Birnin Kebbi har Kalgo.

Bazara ta kai wuya.
Fadamar Bunza ta tsage kamar faso a dunduniya,
shinkafa ta tafi, ta bar kututturanta,
belbela uku na bin sa ɗaya, kowa da yunwarsa.
Na kafa mota gindin giginya, na kwantar da kujera,
na ce barci ya fi mini tonon ƙasa.

Sai muryarta ta iso ni:
"Wa zai nuna mini rai a wurin nan?"
Nomau ya ce babu. Hassi ta ce tururuwa.
Tambai ta ɗauko ɓawon katantanwa,
ta leƙa ciki, ta ce mai gidan ya tashi.
Aka rubuta. Komai sai a rubuta,
har kashin akuya sun auna da rula.

Can wani tsoho, Jabbi, Basarke,
da taru ya yi masa ritaya tun da gulbi ya ja baya,
yana tafe yana ƙwanƙwasa ƙasa da sanda
kamar mai sallama a gidan surukai.
Ya tsaya. Ya kara kunne.
Ya nuna wani rami, bai kai ƙofar hanci ba.
"Ku taho, ɗiyana. Kwana takai."

Ban san sa'ad da na bar mota ba.

Fartanya sau bakwai, sannan hannu,
sai ga curin laka kamar tubalin da bai ga gini ba.
Ya ɓare shi yadda ake ɓare dafaffen ƙwai.
Ga ta a naɗe, wutsiya bisa fuska,
cikin riga mai shara-shara da ta ɗinka da majinarta.
Gaiwa.
Na sha romonta shekara arba'in,
ban taɓa ganin ɗakin kwananta ba.

Malama ta ce kifi ne, amma da huhu,
ta wannan ɗan rami take shan iska.
Ba ci, ba sha, wata da watanni,
naman jikinta take gutsura kaɗan-kaɗan
har damina ta zo ta buga mata ƙofa.
Nomau ya ce, "Ba ta gajiya da jira?"
Malama ta yi shiru. Wannan ba ya cikin littafi.

Muka sa ta a roba, muka juye ruwan lagireto.
Yara suka ci ɗanwakensu, suka manta.
Ni na zauna.
Azahar ta wuce, inuwa ta koma gabas,
sannan wutsiya ta motsa
kamar yatsan jariri cikin barci.
Wai har ihu na yi. Hassi ce ta faɗa, ban musa ba.

Jabbi ya ce miyarsa ce, gaskiyarsa.
Na lalubi aljihu, kuɗin gorona na kwana uku,
na saye ta, muka kai ta ragowar tafki
inda bado biyu ke riƙon amana.
Ko waiwaye. Haka masu dogon haƙuri suke.

Aji uku na tsaya, shekarar da baba ya kwanta.
Tun ranar nake zaton wurin nan ya bushe.

A hanyar gida kwalabe sun yi shiru, sun ƙoshi da laka.
Talatin da ɗaya, rabi na gyangyaɗi.
Daf da Kalgo na rage wuta,
na ce, "Malama, huhun nan,
da wane harafi ake fara shi?"
Ta yago takarda daga bayan littafi.
Tana nan bayan madubina, tare da lasin.