Karatu na Bakwai

Ɗarin Tawa ba ya sallama.
Ta ƙarƙashin ƙofar kwano yake shigowa majami'a,
ya bi layin benci yana lasar ƙafafu,
ya tarar da Damaris a sahun gaba
ta cusa hannuwa a hammata,
murya kaɗai ta bari waje.

Mu goma sha huɗu ne bana.
Biyu suna Abijan, kuɗin mota ya gagara,
ɗaya tana jego a Bilbis.
Mako shida muna gwaji da yamma,
Malam Barnaba na bugun tebur da murfin biro:
"Ku na tsakiya, ku bar haɗiye wutsiyar baiti!"
Yau ga shi cikin kwat ɗin aurensa,
maɓalli ɗaya ya ƙi shiga.

Waƙa, karatu, waƙa, karatu,
kamar masaƙi na jefa ƙoshiya.
Yaro ya karanta labarin gonar farko,
ya yi tuntuɓe wajen maciji, aka ɓoye dariya.
Wata nas daga Galmi, warin magani bai bar rigarta ba,
ta karanta alkawarin annabi.
Tulun matan zumunta na amsawa daga ciki,
caki na yayyafi a kansa.

Na bakwai na Baba ne.
Shekara talatin da ɗaya nasa ne:
makiyaya, dare, garke.
Shi ma da sanda ya girma
a duwatsun bayan Kaita,
boko da gemu ta same shi.
Ya tashi, bargo a kafaɗa,
ya gyara tabarau, ya lashi yatsa, ya buɗe shafi.

Aya uku, wuta ta ɗauke.

Duhu ya faɗo kamar an kifa ƙwarya.
Jariri ya tsala kuka,
ana lalube, ana "wa ke da tocila?",
Malam Barnaba ya yi karo da kujera.

Baba bai tsaya ba.

Muryarsa na tafe cikin duhun
kamar akuyar da ta san hanyar gida,
ba gargada, ba gyaran murya,
har inda tsoro ya kama masu kwanan daji,
har inda aka kwantar musu da hankali.
Kowa ya bar lalube.

Ni na fara kunna salula.
Na matsa in haska masa shafin,
sai na ga littafin a juye, kai ƙasa,
yatsansa na bin layi sannu
kamar mai shafa bayan ɗan rago.

Tun yaushe, Baba?
Tun ranar da ka zuba gishiri a shayi muka sha dariya?
Tun da ka miƙo mini wasiƙar Nuhu
wai rubutun yaran zamani sawun kiyashi ne?
Yana ta rufe idanu biyu a gidanmu,
ni mai kai maka tuwo safe da dare
ban gani ba.
To wa ke da yanar, ni ko kai?

Na kashe hasken.
Na tsaya gefensa, kafaɗata na gogar bargon,
har ya kai ƙarshe, ya rufe littafin,
jama'a ta ce amin.

Ba a jira wuta ba.
Damaris ta ɗauko waƙa ta gaba daga sama,
muka tarbe ta,
ba mai ganin hannun Malam Barnaba,
kuma ba wadda ta haɗiye wutsiyar komai.

Da muka fito, Agali mai shayi na fifita garwashi,
ya ɗaga murya: "Barka da sallarku!"
Baba ya amsa ta sashen da muryar ta fito,
ya kama wuyan hannuna,
abin da bai yi ba tun ina ƴar lakwal.

Mun wuce famfo, mun wuce shagon tela,
ya ce, "Taurari sun fito?"
Na ce sun fito.
"Kaza da ƴaƴanta fa?"
Na ce ga ta bisa kanmu.
Ya ce, "Na sani. Gwada ki nake."
Muka tafi, ina rage taku,
shi ma yana yi kamar bai lura ba.