Kusurwar da Take Bari

Ina ɗan shekara tara na fara wanke mata burushi,
a bene, saman shagon kifin ubana,
inda ƙarnin tashar jiragen ruwan Marsel
ke kokawa da warin fenti.

Estreya Nahmias. Daga Salonika ta zo
da akwati ɗaya, da makullin gidan da babu shi yanzu,
da tarin da ba ya jin magani.

Ba ta zana fuska.
Na ce, "Madam, ina mutanen?"
Ta ce, "Matso, ɗan nan."
Na matso: ja ne da toka, da yashin bakin teku
da ta kwaɓa da hannunta,
da tsumman rigar wani, liƙe da ƙaro.
"Ga su nan," in ji ta. Ban ga kowa ba.

Masana suka hawo da hulunansu.
Wani ya ce taɓin hankali ne,
wani ya ce kaza ma in ta taka fenti za ta fi haka.
Ta ba su shayi. Ta ba ni ragowar biskit.

Ran Juma'a da yamma takan kife burushi,
ta kunna kyandir biyu, ta rufe ido da tafuka,
ba ta ƙara taɓa launi sai taurarin Asabar sun fito.
Kuma duk zanen da ta gama
sai ta bar kusurwa guda, faɗin tafin hannu,
ƙyalle tsirara.
"A gidanmu haka ake barin bango," ta ce,
"don kada a manta da abin da aka rushe."

Ta mutu ana bin ta kuɗin hayar wata huɗu.
Ubana ya ɗauki zane biyu a madadi,
ya toshe fasasshiyar taga da ɗaya.

Yau ga shi ana layi a gidan tarihi,
ana raɗa kamar a maƙabarta.
Samarin unguwarmu, jikokin Aljeriya da Komoros,
masu fesa launi a bangon gada da tsakar dare,
su ma suna barin kusurwa.
Na tambayi ɗaya, Yanis, me ya sa.
Ya ɗaga kafaɗa: "Haka ake yi, tsoho."

Ban gaya masa ba.
Na tsaya ina kallon simintin da ya bari
har idona ya fara ganin mutane.