Harafi Ɗaya

Tururuwa ce ta riga likita ganewa.
Ta ja layi a bayan ɗaki,
inda Zuwaira ta tsuguna da dare.
Uwarta ta share, ta dawo. Ta share, ta dawo.
Yarinya tana shan ruwa kamar rairayin Gulbi da bazara,
tana ci tana ramewa,
har zobenta ya ƙaura zuwa babban yatsa.

Da aka ce ciwon suga, gwaggona ta yi dariya:
ciwon masu tumbi da mota,
ina ya san ƴar shekara takwas?
Likita bai yi dariya ba.
Ya ce allura, safe da maraice.
Na ce har yaushe?
Ya sunkuya, ya ci gaba da rubutu.

Shekara goma sha ɗaya ina ƙirga buhunan gyaɗa
a siton kamfanin mai.
Duk wata ana gutsure jaka uku daga albashina,
wai na inshora.
Ban taɓa tambaya ba.
Mai lafiya ba ya karanta ƙananan rubutu.

Ran Litinin na sa rigar Juma'a
na hau bene wurin Mushe Kalla.
Ya jera takarduna biyu a tebur
kamar mai gwada takalma.
A takardar haihuwa: Zouera.
A kundin kamfani: Zouwera.
Ya ce, Tsahiru, a idon Yamai waɗannan yara biyu ne.
Na ce ɗaya na haifa, kuma tana gida tana jira.
Ya ce na sani, ni na ci ragon sunanta.
Amma na'ura ba ta ci ba.

Daga nan sai ƙafa.
Magajin gari ya tura ni kotu,
kotu ta ce shaidu biyu,
shaida ɗaya ya tafi Jibiya sarin kaya,
mai hatimi yana ta'aziyya a Tibiri.
Ciwo kuwa ba ya zuwa ta'aziyya.
Kwalba tana ƙarewa ran da ta ga dama,
na sayar da rediyo, na sayar da tunkiyar Habsu,
na koyi kallon ƙasa a gaban mai kantin magani.

Wuta ta ɗauke kwana uku a unguwar Zariya.
Habsu ta binne kwalbar cikin jiƙaƙƙen rairayi
a gindin randa,
tana tashi cikin dare ta yayyafa ruwa
kamar mai renon dashe.

Zuwaira ta koyi yi wa kanta.
Takan tsuke fatar cinya, ta ƙirga zuwa goma,
da Faransanci, don ta ce ya fi saurin ƙarewa.
Ni nake kau da kai.

Kwana saba'in da huɗu.
Sannan Mushe Kalla ya sauko da kansa har sito,
hularsa duk ƙaiƙayi,
ya miƙo mini kati, bai fi tafin hannunta ba.
Kashi tamanin nasu, ashirin nawa.
Tsinken gwajin jini ba ya ciki,
wannan, in ji shi, sai zama na gaba.
Na yi godiya har na ji kunyar yawanta,
don kuɗina ne, na shekara goma sha ɗaya.

Da dare ta karɓi katin, ta kai shi kusa da fitila.
Hoton tun kafin ta rame ne.
Ta bi sunan da yatsa, harafi harafi,
ta ce, Baba, wace ce a cikin biyun suka yarda da ita?
Na ce ke.
Ta ce to ɗayar fa, wa zai saya mata?

Habsu ta ce a kwanta, gobe akwai lakwal.
Na fita na duba randa.
Rairayin da sauran sanyi.