Jika Goma Sha Takwas

Ran Litinin na sayar da buhun aya biyu,
na ƙulle kuɗin a aljihun ciki,
na ratsa kasuwar Maraɗi
har shagon Harisu mai gyaran salula.

Guda uku ya jera min bisa tebur.
Ta farko baƙa ce, mai nauyi a hannu,
jika ɗari da ashirin, babu ragi.
Na shafa ta kamar yadda ake shafa ragon maƙwabci,
na mayar da ita kwalinta.
Ta biyu jika arba'in da biyar.
Ta uku ya turo ta da ɗan yatsa, bai ko dube ta ba:
"Wannan sha takwas.
Oba-oba ce dai, tana magana."

A jikin kwalinta an zana dutse da mikiya,
an rubuta kilomita hamsin.
Na yi dariya, don Mushe Tankari ya riga ya ja kunnena,
shi da ya shekara talatin yana koyar da lissafi
kuma ya koya min yadda murya ke hawa iska:
"Kada ka sayi kwali, Nomau.
Kwali bai taɓa amsa sallama ba.
Tambayi batir, awa nawa yake kaiwa in kuran ya tafi.
Duba ko eriyar tana kwancewa a sa wata.
Ka tabbata ba ta zubar da murya a gonar wasu,
don iska ma tana da iyaka,
kuma takardar izininka ba ta ce ka shiga ko'ina ba."

Harisu ya ce, araha ba ta ado.
Na ce, ba biki za ni da ita ba.
Bara, da Gulbi ya cika ya tumbatsa,
rezo ya ɗauke kwana uku,
ƙanena Arzika yana ƙetare da iyalinsa,
ni ina nan gaɓa ina daga salula sama
kamar mai roƙon ruwa, ga ruwa har wuya.
Tun ranar nake son abin da ba ya jiran hasumiyar kowa.

Na murɗa mata kunne, ta yi shuuu,
kamar man gyaɗa ya ji ƙullun ƙosai.
Madanninta ƙanana, babban yatsana yana taka biyu.
Littafinta harshe huɗu, babu nawa.
Na juya ta, na ƙwanƙwasa bayanta kamar kankana,
na ƙirga sha takwas.

Sauran kuɗin na sayi waya mita goma,
da bututun jan ƙarfe wajen mai firji,
da gora doguwa, wadda mai kabu-kabu
ya caje ni kuɗin mutum biyu a kanta.

Hurera ta ce, "Buhu biyu, ka dawo da sanda."
Ban tanka ba, ina bisa soro ina ɗauri.

Daren farko, shuuu.
Dare na biyu, shuuu, da sauro.
Na faɗi lambata har ta fara yi min kama da sunan baƙo.
Na soma lissafin aya.

Dare na uku, bayan lisha,
man gyaɗar ya tsage a tsakiya,
wata tsohuwar murya ta fito tana ɗingishi daga Tibiri:
"Ina jin ka, Nomau. Uku cikin biyar.
Matsa da bakinka baya, kana cinye kalmomin."

Uku cikin biyar!
Ko a lakkwal bai taɓa ba ni fiye da haka ba.

Hurera ta leƙo da fitila a ƙasan tsani.
"Wa ke nan?"
Na ce, Mushe ne.
Ta yi shiru, sannan ta ce,
"In ka sayar da na uku, ka saya wa Arzika."