Ɗiyar Mai Ɗinkin Salka

Ƙarfe biyun dare. Janareton asibiti ya yi tari, ya ci gaba.
Kulu na ƙasa, ɗakin yara, jiki awa garwashi,
ni kuwa ina bene, gaban kwamfuta,
ina kallon hoton abin da ke cin ta.

Ba shi da haƙori, ba shi da ƙafa.
Ɗan guntun furotin ne, ƙwayar mura ke sa a ƙera,
huɗu su haɗa kafaɗa su yi da'ira,
su nutse cikin fata mai laushi
su bar kafa a tsakiya.
Iyakar makamin ke nan. Kafa.

Ta nan tsami ke sulalewa
ya kwance wa ƙwayar riga, ta shiga gida tsirara.
Ta nan awon gishirin ciki ke ɓaci,
abin da aka ce zauna, ya fita,
abin da aka ce tsaya waje, ya faɗo.

Babana Arzika, a bakin Ƙofar Marke,
shekara talatin yana ɗinkin salka.
In an kawo mai yoyo, ba ya neman fitila.
Sai ya hura ta da baki, ya ɗaure wuya,
ya danna ta cikin kwatarniya, ya yi shiru.
Inda kumfa ta taso, nan ɓarawon yake.
Ya ce da ni, ɗiyata, babbar ɓaraka ba ta kashe matafiyi,
ita kowa na ganin ta.
Ƙaramar ita ka bari a kai Gundumi
a buɗe a iske iska.

Jiki ma ya san kumfa, Baba.
Akwai mai gadi a ciki wanda bai taɓa ganin ɓarawo ba,
ɗanɗanon ruwan gida kawai ya sani.
Da ya ji ya sauya, sai kuwwa.
Kuwwar ce wannan masassara.
Dakaru su fito, wasu da hankali,
wasu su cinna wa rumbu wuta don ɓera guda,
huhu ya cika, numfashi ya zama aiki.
Ina son su zo. Ina tsoron yawansu.
Ban san wace addu'a zan yi musu ba.

An taɓa samun marfi daidai bakin kafar.
Aka danna, ya zauna daram, aka yi barka.
Sai ƙwayar ta duba dogon carbinta,
ta cire ɗa guda ta sa wani.
Guda ɗaya tak.
Marfin na nan cikin kwalba har yau,
bakin ne ba nasa ba.

Shi ya sa nake nan, ba a gefen gadonta ba,
ko haka nake faɗa wa kaina.
Na jera marafa a kan allo, ina gwadawa ɗaya ɗaya.
Na ɗari biyu da sha bakwai ya yi faɗi.
Na bayansa ya shige, ya fice ta ƙasa.
Wani ya zauna da kyau,
amma zai toshe har da ƙofofinmu na halas,
waɗanda zuciya ke bugawa da su.
Kai basilla ce da kai, da zaren jijiya.
Ni ramin da nake bi, ko haske bai iya nuna shi.

Wajen asalatu Nas Ige ta hawo ba takalmi.
Ta ce zufa ta karyo, ta nemi kunu.
Na sauka da gudu, na ɗora tafi a goshinta,
na ji sanyin randa.
Ba ni na yi ba. Masu gadinta ne,
wannan karon sun san inda za su tsaya.

Na ba ta kunun, ta zubar da rabi a rigata.
Da ta koma barci na hau bene,
rigar ba ta bushe ba,
na kira na ɗari biyu da ashirin.